Idan na kai jarina ƙauye, gwamnati za ta rage mini haraji?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, na fi shekara 20 a Legas. Allah ya hore mini ɗan abin da na tara, ina so in gina ma'ajiyar albasa ta zamani da injin busarwa a garinmu, can wajen Aliero a jihar Kebbi, don yaranmu su samu abin yi a gida. Ɗan wana da ke karatu a Amurka ya ce a can gwamnati na yafe wa mutum haraji idan ya zuba kuɗi a unguwar talakawa ko a karkara, wani abokina kuma ya ce nan ma akwai irin wannan doka. Gaskiya ne? Idan akwai, ta ina ake bi? Akwai kuma mai yi mini tayin fili a Epe, nan jihar Legas, yana cewa in bar zancen gida. Rajistar da nake da ita ta sunan kasuwanci ce kawai. A ba ni shawara."

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko dokar Najeriya na sassauta wa mutum haraji saboda ya kai jarinsa karkara, ta wace ƙofa ake shiga a samu sassaucin da ke akwai, da kuma ko wannan sassaucin ya isa ya raba maka gardama tsakanin Aliero da Epe. Duba littattafan ƙananan kamfanoni da shirya musu takardun haraji ita ce sana'ata a nan Legas, kuma yawancin masu zuwa wurina mutanenmu ne na Mile 12 da Agege da Alaba Rago, waɗanda suka samu a nan amma hankalinsu na gida. Wani injin casar shinkafa yake son kaiwa garinsu, wani gidan kaji, wani turken shanu, tambayar dai ɗaya ce da taka.

Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin da ya ba ka ya kwana biyu. An taɓa yin doka mai rage wa kamfani haraji saboda ya kafu a karkara, amma an soke ta a 2023. Sassaucin da ya rage, kuma yana da yawa, ba ya tambayar inda ka kafa injinka. Abin da yake tambaya shi ne girman kamfaninka, da irin sana'ar da kake yi, da ko kana da takardun da za su gaskata abin da ka faɗa.

Dokar da abokinka ya ji labari

A tsohuwar dokar harajin kamfanoni akwai sashe na 34, wanda aka yi domin masu kafa sana'a a karkara. Idan kamfani ya kafu a wurin da ke da nisan aƙalla kilomita 20 daga wutar lantarki ko ruwa ko titin kwalta na gwamnati, har ya zama shi ya samar wa kansa waɗannan abubuwa, to ana cire masa wani kaso na kuɗin da ya kashe daga cikin ribar da za a yanka wa haraji. Inda babu ko ɗaya daga cikinsu, a cire kashi 100. Inda wuta ce kawai babu, kashi 50. Ruwa kashi 30, titi kashi 15.

A takarda abin ya yi kyau, amma a cikin ƙananan kamfanonin da suka biyo ta hannuna da wuya ka ga wanda ya ci moriyarsa, kuma dalilan biyu ne. Na farko shi ne kilomita 20 ɗin nan. Ƙauyukanmu da yawa an kafa musu turakun wuta tun siyasar da ta wuce, waya na nan rataye, taransifoma ta ƙone shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye ta. Mutanen gari sun san ba su da wuta, amma jami'in haraji idan ya zo ya ga turaku a bakin hanya, sai ya rubuta cewa gwamnati ta kawo wuta. Na biyu ya fi wannan ciwo. Dokar ta ce rangwamen na shekarar da aka kammala aikin ne kaɗai, ba a ɗage shi zuwa shekara ta gaba. To wace sabuwar masana'anta ce ke cin riba a shekarar da ta gama haƙa rijiyar burtsatse da jawo wuta? Wanda ya fi kowa buƙatar rangwamen shi ne ba shi da ribar da za a cire masa shi a ciki, sai ya wuce shi a banza.

Dokar Kuɗi ta 2023, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2023, kwana ɗaya kafin ya sauka, ita ta goge wannan sashe, tare da ƙarin rangwamen kashi 10 da ake bai wa masu sayen injuna. Sokewar ta fara aiki ranar 1 ga Satumban wannan shekarar. A ganina gyara ya kamata a yi wa dokar. Mutumin da ya haƙa burtsatse, ya kafa wutar sola, ya zuba tsakuwa a hanyar da motar kowa za ta bi, aikin gwamnati ya yi da aljihunsa, kuma ya cancanci a san da shi. Amma ra'ayina ba doka ba ne. Duk wanda ya ce maka zai karɓo maka wannan rangwamen a yau idan ka ba shi na goro, kada ka ba shi ko sisi.

Akwai wani tsarin da mutane ke haɗawa da wannan, wato umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na 2019, wanda ya yarda kamfani ya gina titin gwamnati da kuɗinsa, a riƙa cire masa daga harajin da zai biya. Ta nan Dangote ya yi titin Apapa zuwa Oshodi zuwa Oworonshoki da direbobinmu ke bi kullum, kamfanin gas na NLNG kuma ya ɗauki titin Bodo zuwa Bonny a jihar Ribas. Wannan na masu biyan harajin biliyoyi ne, ni da kai ba ma ciki.

Abin da doka ta tanada yanzu

Ranar 26 ga Yunin 2025 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4 da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, biyun da suka shafi harajin kansa da yadda ake karɓarsa suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Hukumar tara harajin tarayya, wato FIRS, ta koma NRS. Da waɗannan dokokin za a auna aikinka.

Ƙofa ta farko ita ce ta ƙaramin kamfani. Tun daga Dokar Kuɗi ta 2019 aka daina karɓar harajin riba daga kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba. Yanzu an ɗaga iyakar zuwa miliyan 100, kamar yadda kwamitin ya bayyana, da sharaɗin cewa kadarorin kamfanin na dindindin, wato gini da injuna da motoci, kada su wuce naira miliyan 250. Wanda ya tsaya a nan ba ya biyan harajin riba, ba ya biyan harajin raya ƙasa na kashi 4. Wanda ya haura kuwa kashi 30 ne na riba, ga kashi 4 ɗin a kai. Ka lura da kyau, jimlar ciniki ake dubawa. Mai albasa kuwa cinikinsa na da nauyi ko da ribarsa 'yar kaɗan ce, tirela kaɗan a lokacin tsada sun isa su fitar da kai daga layin ƙanana. Don haka ban ga ka daɗe a wannan ƙofar ba, kuma ba na so ka danne cinikinka ko ka ɓoye shi don ka zauna a cikinta.

Ƙofa ta biyu ta fi kusa da maganarka. Kamfanin da sana'arsa noma ce, ko kiwon dabbobi, ko kiwon kifi, ko madara, ko gandun itatuwa, an yafe masa harajin riba na shekara 5 na farko daga lokacin da ya fara aiki. Wannan shi ne mafi kusa da abin da za a kira tallafin karkara a dokarmu ta yanzu, tunda gona ba a Ikeja take ba. Amma a nan ne mutanenmu ke tuntuɓe. Wanda ya noma albasa a gonarsa ya sayar, manomi ne. Wanda ya saya a hannun manoma lokacin kaka ya ajiye har ta yi tsada, ɗan kasuwa ne, ko da a tsakiyar fadama ya gina ma'ajiyar. Wanda ya yanka ta, ya busar, ya niƙa, ya zuba a leda, masana'anta yake da ita. Shirin da ka zayyana mini ya ƙunshi biyu na ƙarshe, kuma idan za ka haɗa da gona ya zama uku. Doka ba ta yi musu kallo ɗaya. Ta jero sana'o'in da ta yarda noma ne a wani jadawali, kuma ta ba ka damar ka rubuta wa NRS ka bayyana abin da za ka yi, su ba ka hukunci a rubuce tun kafin ka fara. Ka yi amfani da wannan damar. Maganar baki ta jami'i, komai kirkinsa, ba ta kare ka ranar da aka canza masa wurin aiki wani ya zo bincike.

Idan ka shiga noman da kanka, shawarata ka raba shi da saye da sayarwa, ko dai da kamfani daban ko aƙalla da littafi daban da asusun banki daban. Idan kuɗin gona da na dillanci suka cakuɗe a asusu ɗaya, mai bincike ba zai zauna tsince maka su ba, duka zai yanka wa haraji. Kuma idan gonarka ta sayar wa masana'antarka albasa, a rubuta farashin kasuwa na ranar. Kumbura farashi don riba ta taru a ɓangaren da ba ya biyan haraji dabara ce da suka sani tun kafin mu. Sai kuma batun lokaci: shekara 5 ɗin daga ranar fara aiki ake ƙirga su. Na ga waɗanda suka buɗe kamfani suka fara ɗan taɓa ciniki don a ce an fara, shekara biyu ko uku suka tafi ana jiran inji ya iso ko rigimar fili ta mutu, lokacin da riba ta fara shigowa hutun ya kusa ƙarewa.

Ƙofa ta uku ita ce wadda ta gaji tsohon hutun harajin nan na masu share fage, wanda a ofis ake ce wa fayoniya, da hukumar bunƙasa zuba jari ta ƙasa, NIPC, ke bayarwa shekara 3 da ƙarin 2. A sabon tsarin kamfani zai ci gaba da lissafin harajinsa, amma kowace shekara a cire masa kashi 5 na kuɗin da ya zuba a gini da injuna daga cikin harajin, har shekara 5, abin da ya rage bai ci ba kuma ya ɗauke shi gaba. Jimla kashi 25 ke nan na jarin. Sai dai sana'o'in da gwamnati ta zaɓa ne kawai, kuma kowace an yanka mata mafi ƙarancin jarin da za a zuba. An yi shi ne da manyan masu jari a zuciya. Ka sa akanta ya duba maka shi idan aikin ya girma, amma kada ka gina lissafinka a kansa.

Akwai wani sassaucin da ba a yi masa talla, alhali shi ne kowa ke samu: kuɗin da ka kashe a gini da inji da janareta da sola da mota ana cire maka shi daga riba kaɗan-kaɗan a tsawon shekaru. Burtsatse da wutar da ka samar wa masana'anta ma suna shiga nan, ka ga ashe ba duka aka rasa ba da aka soke sashe na 34. Kayan abinci na yau da kullum da taki da iri ba a ɗora musu harajin VAT na kashi 7.5, kuma sabuwar doka ta yarda kamfani ya nemi a mayar masa da VAT ɗin da ya biya a kan injuna da ayyukan da aka yi masa. Amma ta zo da sharaɗi mai tsauri: kayan da ya kamata a biya musu VAT ko kuɗin kwastan aka ƙi biya, ba za a cire maka kuɗinsu daga riba ba. Injin da aka shigo da shi ta bayan fage, araharsa a ranar saye kawai take.

Wani bawan Allah mai injin niƙa ya taɓa kawo mini takardunsa a cikin baƙar leda. Rasit ɗin mai walda a bayan takardar littafin makaranta, kuɗin bulo da siminti ya tura su daga asusunsa na kansa zuwa asusun ƙanensa, janaretan kuma hannu da hannu aka saye shi, ba takarda ko ɗaya. Ginin na nan tsaye, injin na aiki, kowa a garin shaida ne cewa ya kashe kuɗin. Amma abin da muka iya tabbatarwa a gaban hukuma bai kai rabin abin da ya kashe ba, ragowar ya biya masa haraji kamar riba ce. Tun daga buhun siminti na farko, Alhaji, kuɗi ya fita daga asusun kamfani, rasit ya fito da sunan kamfani.

Idan har busasshiyar albasar za ta fita waje, ribar kayan da aka fitar ma an yafe mata haraji, matuƙar kuɗin sun dawo ta banki. Motar da ta tsallaka ta Kamba ko Illela ba fom ɗin NXP, wanda ake cikawa ta banki idan za a fitar da kaya, aka dawo da sefa a jaka, a wurin hukuma ba a fitar da komai ba.

Duk waɗannan ƙofofin, kusan dukkansu na cikakken kamfani ne, wanda ake rubuta Limited a ƙarshen sunansa. Rajistar sunan kasuwanci da kake da ita ba ta raba ka da sana'arka ba. A idon doka kai da ita abu ɗaya ne, harajin mutum kake biya ga jihar da kake zaune, wato hukumar harajin jiha, LIRS, a nan Legas, inda naira dubu 800 na farko ba haraji, daga nan ya riƙa hawa har kashi 25. Don haka mataki na farko shi ne CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma na iya buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai ya sa sunan matarsa ko ɗansa don cika ƙa'ida ba. Ka sani kuma, wanda aka yafe wa biya ba a yafe masa kai rahoto ba. Kowace shekara sai an miƙa lissafi cikin wata 6 bayan rufe littafi, ko an ci riba ko an faɗi. Tarar rashin yin haka naira dubu 100 ce a watan farko, dubu 50 a kowane wata bayansa.

Lissafin da ya fi haraji nauyi

Yanzu bari mu zo inda na fi so ka tsaya. Haraji a kan riba ake yanka shi. Idan babu riba, hutun shekara 5 da na shekara 50 duk ɗaya ne. Mu ɗauka, don misali kawai, masana'antarka ta tashi da ribar naira miliyan 30 a shekara bayan an cire komai. Harajin kashi 30 ya zama miliyan 9, harajin raya ƙasa ya ƙara miliyan ɗaya da wani abu. Abin da hutun haraji zai bar maka a aljihu ke nan idan komai ya tafi daidai. To mu ɗauka kuma babu wuta, janaretanka na shan lita 100 na dizal a rana, kwana 300 a shekara. Lita dubu 30 ke nan. Sa lita a naira dubu ɗaya don sauƙin lissafi, miliyan 30 ta tafi, kuma wannan ko ka ci riba ko ba ka ci ba sai ka biya. Shi ya sa idan mutum ya zo mini da zancen rangwame nakan fara tambayarsa wuta, da hanya, da kayan da injin zai ci, da mai saye.

Dubi masana'antar tumatirin Dangote da ke Kadawa a jihar Kano. An buɗe ta a 2016 a tsakiyar masu noman tumatir, da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar nan tsutsar tumatir ta cinye gonaki, daga baya kuma aka yi ta fama da samun isasshen tumatir, domin duk lokacin da kwando ya yi tsada a kasuwa manomi kasuwa yake kaiwa. An rufe ta an buɗe ba sau ɗaya ba. Jari bai yi mata ƙaranci ba, kuma ba haraji ne ya tsayar da ita ba. Kai da kanka ka san wannan halin, domin ku ne kuke ɗaga waya daga Mile 12 ku ƙara farashi, motar da aka yi wa alkawarin wani wuri ta juyo Legas. Ranar da ka zama mai masana'anta, abokan sana'arka na yau su ne za su riƙa janye maka manoma.

Akwai kuma kuɗin da babu dokar sassaucin da ta taɓa su. Motar da ta taso daga Jega ta biyo Yawuri da Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilori har Ibadan, direbanka ya fi ni sanin sau nawa ake tsayar da shi a karɓi na ƙaramar hukuma, na jiha, na ƙungiya, da na wanda ba shi da suna. Tun 1998 doka ta hana tare hanya don karɓar haraji, amma ba a daina ba, kuma yana cikin koke-koken da ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta gabatar lokacin da ta dakatar da kawo kaya kudu a farkon 2021. Sai batun tsaro, wanda ba sai na faɗa maka ba. Akwai garuruwa a arewa maso yamma da sai manomi ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Ka tambayi mutanen gida gaskiyar halin hanyoyin da kayanka da ma'aikatanka za su bi, ka kuma tambayi kamfanin inshora ko zai karɓi ginin da kayan ciki tun kafin ka sa tubali.

Abin da ɗan wanka ya gani a Amurka

Gaskiya ya faɗa. Tun shekarar 2000 suna da tsarin da mai zuba jari a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi ke samun ragin haraji na kashi 39 na abin da ya zuba, a rarrabe cikin shekara 7, ta hannun wasu cibiyoyin raya al'umma da ma'aikatar kuɗinsu ta amince da su. A 2017 suka ƙara wani, inda gwamnonin jihohi suka zaɓi yankuna wajen 8,700 aka sa musu suna yankunan dama. Wanda ya sayar da kadara ya zuba ribar a can sai a jinkirta masa haraji, idan kuma ya bar kuɗin shekara 10, ribar da sabon jarin ya haifa ba haraji a kanta. A 2025 suka mai da tsarin na dindindin, suka ƙara wa karkara kaso. Dalilin ƙarin shi ne abin lura: yawancin kuɗin da suka shiga yankunan dama gine-ginen haya suka tafi, a biranen da dama can sun fara tasowa, ƙauyuka suka samu kaɗan. Ƙasar da ke da wuta da titi da rajistar kowane gida ke nan, amma ragin haraji shi kaɗai bai iya tura kuɗi inda ba a hango riba ba. Wannan dokar tasu ce, ga masu biyan haraji a can. Ba ta shafi jarin da za ka kai Kebbi ba.

Aliero ko Epe

Tunda harajin kamfani na tarayya ne, ƙa'idar da za a yi maka a Epe ita za a yi maka a Aliero. Bambancin da ke akwai na jiha ne: kuɗin fili da takardunsa, harajin wurin sana'a, da harajin albashin ma'aikata, wanda ke zuwa jihar da ma'aikacin ke zaune. Ka je ofishin kula da masu zuba jari na jihar Kebbi ka ji abin da za su iya yi maka a kan fili da hanya, abin da suka yi alkawari kuma su sa shi a takarda.

Idan aka cire haraji daga ma'auni, ni Aliero na fi karkata, kuma ba don son gida ba. Kusan kashi 90 na ɗanyar albasa ruwa ne. Wanda ya ɗauko ta ɗanya har Epe don ya busar, kuɗin mota ya biya wa ruwa, ga wadda za ta ruɓe a hanya. Busasshiyar iskar Kebbi tana taimakon ajiya, shi ya sa iyayenmu ke ajiye ta a rudu ta yi watanni, laimar bakin ruwan Epe kuwa gaba take da albasa. Abin da Epe ta fi shi ne kusanci da masu saye, wato masana'antun kayan ɗanɗano da taliya da ke Ikeja da Agbara da Ota, da kuma tashar jirgin ruwa. To wannan kai ka riga ka samu, tunda rumfarka da mutanenka suna Legas. Ƙaramin sito a nan ya ishe ka. Fili kuwa ko'ina ne sai ka yi hattara. A Epe akwai 'yan omo onile, masu iƙirarin su ne 'ya'yan masu ƙasa, da filin da aka sayar wa mutum uku, a gida akwai gonar gado da wani magaji zai taso bayan an gama gini. Dokar filaye ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, banki kuma shaidar mallaka yake karɓa. Ko ka mai da filin sunan kamfani, ko ka ba kamfanin haya a rubuce, don ginin ya shiga lissafin kadarorinsa.

Ilimina a haraji da lissafi ya tsaya. Irin injin da ya dace, da irin albasar da ke ba da gari mai kyau, sai ka nemi masana aikin gona da injiniyoyi, domin masu sayen busasshiya sukan fi son fara mai ƙarancin ruwa, ba lallai jar da kuka saba kawowa Mile 12 ba. Da ni ne kai, da ma'ajiya zan fara, tunda sana'ar da ka sani ce, ka san watan da buhu ke faɗuwa da watan da yake tashi. Injin busarwa ya jira har sai ka kai samfuri wurin mai saye ya gwada, ya rubuta maka adadin da zai ɗauka.

Ka ce don yaran gida kake son yin wannan, kuma wannan ɓangaren na hannunka, domin doka ba za ta tilasta maka shi ba. Ma'ajiya na iya zama hanyar da manomi zai daina zubar da albasarsa a farashin kaka, tana kuma iya zama hanyar da mai kuɗi ɗaya zai kwashe ta da araha ya ci tsadar shi kaɗai. Idan ka ware wani ɓangare manoma su ajiye nasu su biya haya a kan buhu, ka ba su takardar shaidar abin da suka ajiye, kai ka samu kuɗin shiga mai tabbas wanda ke da sauƙin rubutawa a littafi, su kuma su sayar lokacin da suka ga dama. Albashin yaran ka biya ta banki da sunan kowa, shi ma ana cire shi daga riba. Abin da ka gina wa gari sadaka, masallaci ko aji ko burtsatsen unguwa, ladansa na wurin Allah, amma hukuma ba ta cire shi daga riba sai ya bi ta hannun cibiyoyin da doka ta amince da su, shi ma da iyaka. Kada ka haɗa shi da kuɗin kamfani, zakka ma haka, babinta daban.

Kafin ka zauna da akanta ko lauya, ka tanadi bayanan bankinka na shekara biyu, da takardun filin, da farashin injin a rubuce daga mai sayarwa, da ƙiyasin buhu nawa kake sa ran ajiyewa a shekarar farko. Da waɗannan za a san ko kamfani ɗaya za a buɗe ko biyu, da abin da za a rubuta wa NRS, da kuma watan da ya dace a ce aiki ya fara. Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa mai albarka.